Jan Garura a Bakin Kududdufi

A shekarar da na koma jami'a neman digiri na biyu, furfura ta riga ta fara leƙowa a gemuna. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan cikin Katsina, kuma ba son karatu ne ya mayar da ni kan benci ba. Gajiya na yi da ganin waɗanda na koyar suna dawowa makarantar suna duba mini aiki. Malamin da aka haɗa ni da shi mutumin tsuntsaye ne. Ya so ya tura ni manyan fadamu inda tsuntsayen bakin ruwa suke taruwa, na ce masa kullum ina da aji da safe, kuma mashin ɗina ba ya son doguwar hanya. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to in nemo duk inda zakaran ƙeƙuwa yake ƙyanƙyasa a cikin gari, in bi 'ya'yan tun daga fitowarsu daga ƙwai har su tashi sama, in gaya masa yadda suke girma da abin da yake hana su girman.

Zakaran ƙeƙuwa tsuntsu ne mai dogayen ƙafafu, kusan girman tantabara. Baƙar hula gare shi, da farin kumatu, da baƙin ƙirji, bayansa kalar ƙasa. Kowa ya san kukansa ko da bai san sunansa ba, domin ba ya ganin mutum ko kare ya yi shiru. Ba ya gina sheƙa. Ɗan gurbi yake kartawa a fili ya zuba ƙwai, 'ya'yan kuma suna bushewa suke miƙewa su fara tsince-tsince da kansu. Uwa da uba gadi kawai suke yi da ba da ɗumi, ba sa sa wa kowa abinci a baki. Kafin fiffike ya ɗauke su sai sun yi wajen wata biyu a ƙasa, tsakanin karnuka da hankaki da shirwa, kuma makaminsu ɗaya ne: da uwa ta yi ƙara, sai kowa ya kwanta ya manne da ƙasa, ya daina motsi. Gashin bayansu kalar busasshiyar laka ne mai ɗigo-ɗigo. Kana iya tsayawa a kansu kana dube-dube ba ka gan su ba.

Na samu gurabe 'yan kaɗan a bakin kududdufan gari, na kuma bi su duka. Wanda zan ba da labarinsa na bayan gidan yayata ne, wajen Ƙofar Sauri. Kududdufin tsohon rami ne da aka haƙi ƙasar gini tun kafin a san bulo. Da damina yakan cika har ya lashi katangun mutane, da bazara ya janye ya bar tsattsagaggiyar laka da ledoji da tsofaffin silifa. Ruwan wanke-wanken gidajen da suke kewaye can yake gangarawa, shi ya sa ba ya ƙafewa ƙaf.

Yaya ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta. Ita ta goye ni, kuma har yau ba ta bari na manta ba. A wannan bazarar tana cikin takaba, mijinta ya rasu a ƙarshen sanyi. 'Ya'yanta sun zo sun yi zaman makoki sun koma garuruwan da suke aiki, aka bar ta da kaji da kabar saƙar faifai. Ga wanda ya san ta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaya mace ce da ba a biki ko suna a unguwa uku ba a ji muryarta ba. Yanzu ga ta ba kwalli, ba turare, ba fita, daga ɗaki sai tsakar gida, sai wata 'yar ƙofar langa-langa a katangar baya inda take zubar da toka. Wannan ƙofar kududdufin take kallo. Ta cikinta nake bi, domin in ba haka ba sai na zagaya ta wani lungu mai kwata.

Ranar farko da ta ga na durƙusa a laka ina leƙen ƙasa, tsuntsaye biyu suna kai mini sura a ka, ta yi dariyar da ban ji ta yi ba tun ranar rasuwa.

"Auta, wanga shi ne karatun da aka ce ka koma?"

"Shi ne, Yaya."

"Allah Ya kyauta. Wasu na zama likitoci, kai kana bin ɗiyan tsuntsu cikin kwata."

Ƙwai uku ne a gurbin, kuma duka sun ƙyanƙyashe. Biyu sun fito tare, na ukun ya makara har sai da 'yan'uwansa suka fara yawo. Daga nan na riƙa zuwa bayan 'yan kwanaki, da sassafe kafin in wuce makaranta. Kayan aikina duka suna shiga aljihun jaka: 'yar jakar yadi mai zariya, da sikeli siriri kamar biro mai ƙugiya a ƙasa, da ma'aunin ƙarfe mai baki irin na sifana. In ka kama ɗan tsuntsu sai ka sa shi a jakar ka rataya, ka jira iska ta daina kaɗa shi, ka karanta nauyinsa. Sannan ka auna ƙwaurinsa, ka auna daga ƙeya zuwa tsinin baki, ka buɗe ɗan fiffiken ka ga ko gashin girma ya fara tsirowa. Daga nan sai abin da sikeli ba ya faɗa. Ka hura gashin ƙirji ka taɓa ƙashin tsakiya da ɗan yatsa. In akwai tsoka dama da hagu, ƙashin ba ya tsikarinka. In babu, sai ka ji shi kamar bayan wuƙa. Ka duba ido ko a buɗe yake tar, ka duba ƙarƙashin wutsiya ko kashi ya manne, ka duba yatsu, domin zaren buhu da ulun kitso suna yawan naɗe su har su guntule. Duk wannan cikin hanzari, kafin rana ta dafa shi a hannunka, iyayen kuma suna zagaya kanka suna zagin danginka. Da yake sun yi ƙanƙanta da a sa musu zoben shaida a ƙafa, ɗigon tawada nake yi wa kowanne a ƙarƙashin fiffike, inda ba mai gani sai wanda ya ɗaga, don in san wane ne wane.

Wahalar aikin ba awon ba ce, neman ce. Kana tunkararsu uwa za ta yi ƙara, su ɓace a gabanka. A nan Yaya ta shigo aikin ba tare da an gayyace ta ba. Ƙofarta tana kan ɗan tudu, tana ganin inda kowanne ya kwanta kafin in ƙarasa. Sai ta zauna a kan tabarma daga ciki, faifai a cinya, tana tuƙa ni da baki.

"Hagu. Hagu na ce, kai malamin makaranta ne ba ka san hagu ba? Tsaya nan! Za ka take shi. Ga shi gindin baƙar leda."

Abin da yake cin mini dogon lokaci a sauran kududdufai, a nan kafin shayinta ya huce na gama. Kuma dole in na gama in tsaya bakin ƙofa in ba ta rahoto, ɗaya bayan ɗaya.

Manyan biyu ba su da labari. Kowane zuwa sai na tarar sun ƙara, layin girmansu a takardata yana hawa yadda littattafai suka ce. Na ukun, wanda Yaya take kira ƙaramin, shi ne ya tsaya. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ƙashi ba ya jiran abinci. Ɗan tsuntsu yana cikin yunwa ƙafarsa za ta ci gaba da tsawo, kansa ya ci gaba da girma, jikin ne kawai yake biyan kuɗin. Shi ya sa ba nauyi kaɗai ake dubawa ba, nauyi ake gwadawa da tsawon ƙwauri. Ƙwaurin ƙaramin yana ƙaruwa, nauyinsa yana nan inda yake. Da na taɓa ƙirjinsa na ji ƙashin tsaye, na san inda aka dosa. Na ga irinsa a wasu wuraren. Wata rana za ka zo ka nema ka rasa, ka ja layi a kansa a takardarka, ka wuce.

Na gaya wa Yaya haka, ba tare da na zaɓi kalmomi ba.

"To mi za ka ba shi?" ta ce.

"Ba komi. Aikina awo ne."

"Kullum ka ɗauki ɗan mutane ka rataye shi, ka ga shina ramewa, ka aje shi ka tahi?"

"In na ba shi abinci, abin da na rubuta ya zama ƙarya, Yaya. Ana son a san yadda suke girma in ba a taɓa su ba."

"Kai ba taɓa su kake ba kullum?"

Na rataya jakata na wuce, domin na makara, kuma domin tambayar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa.

Ta fara da tsakin hatsi, kamar yadda duk mai kaji zai fara. Ta watsa shi ta ƙofa har ƙasa ta yi fari. Kurciyoyin unguwa suka yi walima, zakaran ƙeƙuwa da 'ya'yansa suka ratsa ta kai ko kallo ba su yi ba. Na yi mata dariya son raina, na ce waɗannan ba sa cin abin da ba ya motsi. Kuskurena ke nan a matsayin mai bincike, domin na ba ta amsa. Ta ɗauko wata tsohuwar tukunya, ta cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara, ta yayyafa ruwa ta kife a gindin katanga inda gara take hawa. Haka take tara wa 'yan tsakinta gara tun muna yara. Kullum da safe sai ta ɗaga tukunyar ta karkaɗe a bakin rariyar gidanta, inda ruwan wanke-wanke yake fita ya jiƙa ƙasa. Ba a jima ba iyalin tsuntsun suka gane wurin. Manyan biyu sukan ci su wuce, ƙaramin ya zauna a nan kamar an ba shi gado.

Na kai ƙara wurin malamina. Ya yi dariya ya ce in ware wannan gurbin daga lissafi, amma in ci gaba da awo, domin shi ma abin sani ne. Na ci gaba. Nauyin ƙaramin ya daina tsayawa wuri ɗaya, ya ɗan motsa, ya sake motsawa. Ba wani abin a zo a gani ba, amma ƙashin ƙirjinsa ya rage kaifi. Yaya ta daina tambayar manyan biyu gaba ɗaya. Burinta ɗaya ne, kuma ta faɗe shi a fili: tana son ta ga ƙaramin ya tashi sama da fiffikensa kafin ta fita takaba. Ta ma ƙirga, ta ce lokutan sun yi kusan daidai.

Sai shirwa ta fara zuwa. Da ma tana nan a sararin unguwar, amma da ruwan kududdufin ya ƙara janyewa, filin ya ƙara buɗewa, sai ta mayar da wurin hanyarta. Iyayen ba ragwaye ba ne. Da sun hango ta sukan tashi su biyu su bi ta da ihu har sai ta bar musu sama. Amma Yaya tana zaune tana kallon inuwa tana ratsa lakar sau da yawa a yini, kuma ta san shirwa tun kafin a haife ni.

Masu kaji a garinmu suna da maganin shirwa. In kaza ta ƙyanƙyashe, sai a jiƙa garura, irin wadda ake rina kabar faifai da ita, a shafe 'yan tsakin. Za ka ga tsakar gida cike da 'yan tsaki ja da shuɗi suna gudu. Abin da ake cewa shi ne shirwa ba ta gane su a matsayin abinci. Ban taɓa gwada wannan da awo ba, don haka ba zan ce e ko a'a ba. Na dai san ɗan tsako in ya ga inuwa gudu yake yi ya shige ƙarƙashin uwa ko akurki, launinsa bai dame shi ba. A lokacin ma akwai jajayen 'yan tsaki a gidan Yaya, kullum sai na tsallake su kafin in kai ƙofar baya, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Wata safiya na buɗe ƙofar, uwar ta yi ƙara, 'ya'yan suka kwanta. Biyu suka ɓace kamar kullum. Na ukun yana nan a tsakiyar fili, ja jawur, ana iya hango shi daga kan ganuwa. Ya manne da ƙasa, ya miƙe wuya, ko numfashi ba ya son yi, ya tabbata ba wanda yake ganinsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye ba.

"Yaya, mi kika yi?"

"Na yi mashi maganin shirwa."

"Kin hita?"

"Ban wuce inuwar katangata ba. Shi ya zo bakin rariya cin gara, na kihe shi da kwando."

"Wa ya ce ki taɓa shi? Wanga ba ɗan tsako ba ne! Shi ba ya gudu, kwanciya yake. Launin bayan nan shi ne katangarshi, shi ne akurkinshi, shi kaɗai gare shi. Kin ɗauke kin sa mashi tuta."

"Kai ma ai kana shahwa masu tawada, ina ganinka."

"Ƙarƙashin hihhike! Inda ba a gani!"

Ta buɗe baki za ta mayar, sai ta kalli filin. Uwar tana ta ƙara har yanzu, jan abin yana kwance shi kaɗai a kan laka, manyan biyu kuwa ko ita da take da ido sai da ta lalube su. Ta daɗe tana kallo. Yaya ba ta taɓa barin na ci ta a gardama ba tun ina yaro, amma ranar ta bari. Ta ce a hankali, "To a wanke."

Garura ba ta wankuwa, ita ta fi ni sani, don abin da take sonta ke nan a faifai. Na gwada da ruwa a gefe ɗaya, yatsuna suka yi ja, bayan tsuntsun bai canza ba, sai rawar sanyi da ya kama. Na kwaɓa lakar wurin na shafa masa. Ta yi aiki na rabin yini. Tana bushewa ya girgije ya shiga ruwa, jan ya dawo.

Ta kawo shawarar a sa shi a akurki har launin ya fita. Na yi tunanin abin da gaske. Irin waɗannan tsuntsaye ba sa jure kulle, sukan ƙi ci su yi ta buga kai har su mutu, ga shi har yanzu yana shiga ƙarƙashin uwa in gari ya yi sanyi, ga shi yanzu ne ya fara samun kansa. A ɗaya gefen kuma ga shirwa. Ban san wanne ya fi ba, kuma na gaya mata ban sani ba. Abin da na sani shi ne garurar tana kan gashin jarirai ne, wanda zubewa yake yi. Gashin girma mai kalar ƙasa ya riga ya fara ɓullowa a kafaɗunsa. In ya samu mako biyu ko uku, jan zai zube da kansa. Muka bar shi wurin iyayensa.

Daga ranar Yaya ta ajiye saƙa. Ta samo murfin tukunya da muciya, ta koma bakin ƙofa da zama. Da ta ga inuwa sai ka ji ƙarar ƙarfe da muryarta har bakin titi. Maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya, don ba a saba jin ihu daga gidan mai takaba ba. Ta ce a gaya musu lafiya lau, shirwa take kora. Abincinta a nan take ci. Salla kaɗai take tashinta, ita ma a gurguje. Ni kuma kowane zuwa sai in ƙara shafa laka, ko da na san ba ta daɗewa, in buɗe kafaɗar in nuna mata daga nesa yadda kalar ƙasa take cin jan daga gefe. Da farko bayan duka ja ne. Daga baya ya zama kamar an ɗora masa jan kyalle a tsakiya. Ba mu sake maganar wanda ya yi laifi ba. Na ga tana ramewa, na ce ta riƙa hutawa, ta ce in kula da tsuntsayena.

A ranar da abin ya faru muna da jarrabawa a makaranta, ni ne mai tsaron aji na farko. Na zo a gurguje, na auna su uku, Yaya tana ɗaki tana lazimi. Ban jira ta fito ba, na ɗaga murya na ce sai na dawo, na hau mashin. Ban samu kaina ba sai bayan la'asar.

Na tarar da ƙofar baya a rufe. Yaya tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, murfin tukunyar yana gefenta, jajayen 'yan tsakinta suna hawa ƙafarta ba ta kore su ba. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi jarrabawa. Na zauna. Na riga na sani, amma na bar ta ta faɗa.

"Ina nan zaune," ta ce. "Ban tashi ba, ban yi gyangyaɗi ba. Wani kare ya biyo ta can gehen, uban da uwar suka bi shi su biyu. Shirwar kuma ta hito ta bayan gidajen can, ƙasa-ƙasa, ba ta yi inuwa ba sai da ta iso. Uwar ta juyo ta yi ƙara. Duk suka kwanta. Na buga murhin nan har hannuna ya yi zahi, ko waiwaye ba ta yi ba."

Ta gyara ɗankwalinta.

"Ɗaya babban shina kwance gaba da ƙaramin, ya hi shi kusa da ita, ya hi shi tsoka. Ta bi ta kanshi ta wuce. Ba ta gan shi ba, Auta. Nawa ta gani. Kuma bai motsa ba. Har ta sa ƙahwa ta ɗauke shi shina kwance yadda uwarshi ta ce ya yi."

Tausayinta ya kama ni sosai. Na nemi abin da zan ce, na ɗauko wanda ya fi kusa da hannu. Na ce da ma mai rauni ne, irinsu ba kasafai suke kaiwa ba, ko da garura ko babu, na ga haka a sauran kududdufai. Ba ƙarya na yi ba. Ta saurare ni har na gama.

"Ka auna shi da sahe," ta ce.

"Na auna."

"Ya ƙaru ko bai ƙaru ba?"

Na kau da kai. Wannan matar ta san fuskata tun ba ni da haƙori.

"Ya ƙaru."

"Kaɗan?"

"A'a. Ya kusa kamo 'yan'uwanshi. Ƙirjin ya cika, ban ji ƙashin ba."

"Ke nan da ya tashi."

"Allah ne masani, Yaya."

"Na san Allah ne masani. Kai nake tambaya, kai mai sikeli."

"Da ya tashi," na ce.

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, ko kuma ba ta yi a gabana ba. Ta miƙe ta je gindin katanga ta ɗaga tukunyar gara, ta juye wa kajinta duka, ta kife tukunyar a kan sauran tarkace. Sannan ta ce, tana ba ni baya, "Gobe in ka zo wurin sauran biyun, ka zagaya ta lungu. Kuma kada ka zo ka hwaɗa mani komi."

Ta lungun na riƙa bi, cikin kwata, har aka fara ruwa. Manyan biyu suka ci gaba da ƙaruwa ba tare da gara ba. Neman su ya koma cin lokaci kamar ko'ina, sau da yawa sai na gaji da tsayuwa kafin in gano inda suka kwanta. Wata safiya na tunkare su, uwar ta yi ƙara, maimakon su kwanta sai suka buɗe fiffike suka tsallake kududdufin suka sauka a wancan gefen. Na tsaya da jakar yadi a hannu. Na juya na kalli katangar Yaya. Ƙofar a rufe take, na kuwa ji motsinta a ciki tana kiran kaji. Na mayar da sikelin aljihu, na koma ta lungu.